Gardama: ka sayi daji don kare namun cikinsa, sannan ka buɗe wa maharba?

Garba: Salamu alaikum jama'a. Ku raba mu da wani abokina. Akwai ƙungiyoyi a Amurka da ba riba suke nema ba, sukan tara gudummawa su sayi filaye, wai don kare daji da namun cikinsa, sai kuma su buɗe wa maharba su shiga da bindiga. Ni na ce wannan ba wa kura ajiyar nama ne. A Yankari aka gan ka da bindiga ai ka shiga uku.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Garba, ka tambayi mai biyan kuɗin kula da dajin can? Tun 1937 suke da dokar Pittman-Robertson: harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsashi, ana raba wa hukumomin namun daji na jihohi. Kuma ba ka tashi ka faɗa daji don ka ga dama. Sai da lasisi, sai lokacin da aka buɗe, an kuma ƙayyade abin da za ka harba. Wasu namun ma sai ƙuri'a ta faɗo kanka.

Garba: Wato Malam, ka biya sannan ka kashe. Barewar dai ta mutu.

Hajiya Binta: Ƙanena, ka tsaya kan barewa ɗaya ka bar dajin. A jihar New Mexico akwai dajin Sabinoso, gwamnati ta keɓe shi a 2009, lokacin yana eka wajen 16,000. A lokacin na jama'a ne a takarda, amma filayen masu kiwo sun zagaye shi, ba ta inda za ka shiga sai ka taka na wani. Ƙungiyar Wilderness Land Trust ta sayi wani filin kiwo da ke maƙwabtaka da shi, ta miƙa wa gwamnati kyauta, a 2017 aka buɗe hanya. Ɗan fili suka saya, ya zama mabuɗin babban daji. Mai harbi ya shiga, mai kallon tsuntsaye ma ya shiga.

Sani: Hajiya, wannan duk ƙarami ne. Ki je Montana ki ji. Ƙungiyar American Prairie ta fara a 2001, burinta ta haɗa eka sama da miliyan 3, abin da ta saya da filayen gwamnati da ke kewaye, ta kuma dawo da ɓaunar Amurka a 2005. Makiyayan yankin har alluna suka kakkafa a bakin titi, a ceci makiyayi a tsayar da ita. Kukansu a fili yake: fili ya fito kasuwa, yaron da ke son gadon kiwon ubansa zai yi tayi da ƙungiyar da attajirai ke zuba wa kuɗi? Garin da makiyaya suka watse, makarantarsa ma rufewa take.

Malam Idi: Ba ƙwace suke yi ba fa, Sani. Mai fili ne ke sayarwa da ransa. Suna kuma ba makiyaya hayar wani sashe su yi kiwo.

Sani: Daga mai gida ka koma ɗan haya, Malam.

Hajiya Binta: Wannan kam na yarda da kai, da ciwo. Amma in ƙungiyar ba ta saya ba, wa zai saya? Sau da yawa wani hamshaƙi ne, ya zagaye da waya ya sa kwaɗo. Ku tuna Wyoming, inda filin gwamnati da na mutane suke a sarƙe kamar gurabun dara tun lokacin da gwamnati ta raba wa kamfanonin jirgin ƙasa filaye. A 2021 wasu maharba huɗu daga Missouri suka zo da tsani, suka tsallaka daga kusurwar filin gwamnati zuwa wata kusurwar ba su taka na kowa ba. Mai filin da ke gefen kusurwar ya maka su a kotu, wai sun keta masa sararin sama. A Maris ɗin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu da gaskiya.

Garba: Tsani kuma? Ikon Allah. To na janye maganar kura, amma rabi. Hajiya, Sani bai samu amsar yaron nan mai tayi ba.

Malam Idi: An kira sallah. In na dawo zan ɗora.