Wai da gaske kwamfuta na gano kansar hanta a hoton sikanin?

Ɗan Birni: Salam jama'a, don Allah wai da gaske ne yanzu kwamfuta da kanta take gano kansar hanta a hoton CT ba sai likita ya duba ba? Yayana ne ke da hepatitis B shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Akwai, amma ba kamar yadda kake zato ba. Likitoci ne ke zama su zagaye ƙarin a jikin hotuna masu ɗimbin yawa, sai a loda wa kwamfutar tai ta bita har ta gane kamanninsa, misali kansar hanta in an yi allurar ruwan hoto sai ta yi haske da farko daga baya ta dusashe fiye da sauran hantar. Yawancin irin waɗannan manhajojin kan wani tsarin koya wa kwamfuta tantance hoto mai suna U-Net aka gina su, wanda aka fitar a jami'ar Freiburg ta Jamus a 2015.

Maman Biyu: To ai shikenan likitocin hoto sun huta kenan.

Injiniya: Ina fa Hajiya! Tana iya ganin ƙullin jijiyoyin jini mara illa ta ce kansa ce, ƙananan ƙari kuma su wuce ta. Likita ne dai mai sa hannu.

Nas: Ɗan'uwa bar batun kwamfuta tukuna, ka kai yayanka wajen likitan hanta, masu haɗarin kamuwa da kansar hanta ana musu awon cikin nan na ultrasound da gwajin jini na AFP (sinadarin da kan ƙaru a jini in akwai kansar hanta) duk wata 6. Ku ma 'yan gida ku yi gwajin hepatitis B, wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, kuma a guji gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna. Allah ya ba shi lafiya.