Wane fakitin Hearthstone ya fi labari? Ga abin da na tsinta

To jama'a, bayan doguwar muhawarar da 'yan wasa suka yi kan wane faki, wato sabon kashin katuna, ya fi labari a Hearthstone, wasan katin nan na waya da kwamfuta, ga inda aka tsaya. Yawanci sun ce in labari kake nema ka fara da 2019, don a shekarar ne Blizzard, masu wasan, suka jera fakiti uku a kan zare ɗaya, Rise of Shadows inda Rafaam da 'yan bangarsa suka sace garin Dalaran sukutum, sai Saviors of Uldum, sai Descent of Dragons, kamar fim mai dogon zango wallahi.

Amma wasu suka ce a'a, labari daban armashi daban. Suka kawo Whispers of the Old Gods na 2016, babu wani dogon labari amma kana ta ciyar da C'Thun, wani babban katin dodo, kati bayan kati yana ƙara ƙarfi tun yana cikin dek, wato tarin katunanka, ranar da ya sauko kuwa sai abokin karawarka ya sallama. Ni nan na fi karkata gaskiya.

Fakitin Mean Streets of Gadgetzan ma an yaba, gungun 'yan daba uku ne, sai dai an ce Jade, dabarar katunan ɗaya daga cikin gungun, ta gundiri mutane. Wani kuma ya ce a riƙa karanta ɗan rubutun barkwancin da ke jikin kowane kati, yawancinmu tsallake shi muke yi.