Na ba wani lambar AnyDesk ya shiga wayata, me ya rage in yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar wani ya kira ni, wai daga bankina, za a rufe min asusu don BVN ɗina bai dace da NIN ba. Har cikakken sunana ya faɗa. Ya sa na sauke AnyDesk, ashe manhaja ce da ke ba wani damar sarrafa wayar mutum daga nesa, na karanta masa lambobin da suka fito, na danna amincewa, sannan ya ce in buɗe manhajar banki. Wayar tana hannuna sai na ga allon yana motsi shi kaɗai, kamar aljani ke taɓawa. Kafin in farga naira 84,000 ta fita, kuma kuɗin atamfar wata ce da ta turo min. Na goge manhajar. Shi ke nan, ko da saura? Ko maigidan ban iya gaya wa ba tukuna.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Da saura fa. Duk abin da ya fito a allon ya gani, har saƙon OTP, lambar nan da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi. Ki rufe data yanzu. Ki ari wata wayar, a can za ki canza kalmar sirrin Gmail tukuna, don da ita ake sake buɗe sauran, sai ta banki da Facebook. A Gmail ɗin ki duba na'urorin da ke ciki, ki kori wadda ba taki ba. Irin waɗannan da ake kawo mana shago, mukan tarar an cusa wata manhajar a ɓoye, shi ya sa ni ban yarda da gogewa kawai ba. Ki kwashe hotunanki a yi wa wayar wankin tas, wato a goge komai ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Baban Sadiq: Banki ne gaba da komai, ƙanwata. Yau ɗin nan ki je reshe, a toshe katin, a canza PIN, ki rubuta ƙorafi ki karɓi lambarsa. Ki nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya faɗa a daskarar da asusun ɓarawon. In sati 2 ya wuce shiru, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a CBN. Kafin wankin wayar, ki ɗauki hoton alat ɗin da lambar da ta kira ki.

Anti Zee: Ki sa wa WhatsApp PIN mai lamba 6, kada ya koma roƙon kwastomominki da sunanki. Kuma za su sake kira, wai EFCC ce za ta dawo miki da kuɗi in kin biya wani abu. Ki kashe. Maigida kuwa ki gaya masa a daren nan, ai ba ke kika yi sata ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Ga ni a layin banki, wayar ƙanina ce a hannuna.