Musayar Waƙa Kan Asusun Bogi da Kamfanonin da Suka Kau da Kai

Ɗan Zazzau:
Na fara da sunan Allah, Sarkin da ya san gaskiya,
Kan asusun da na'ura ke tuƙawa, ba rai, ba zuciya.
Dubbansu na furta magana guda cikin daƙiƙa ɗaya,
Su zagi mai mutunci, su yaɗa ƙazafi da ƙarya,
Masu shafukan sun gani sarai, amma sun juya baya.

Bagobira:
Yayana, ka nuna ciwo, ba ka faɗi sanadinsa ba,
Mai talla yawan idanu yake saye, ba sunan masu su ba.
In aka share na bogi duka, adadin ba zai cika ba,
Hannun jari ya faɗi, masu kuɗi ba za su yafe ba.

Bakano:
Hajiya, a yi adalci ko da rai yana tafasawa,
A wata ukun farko na 2019 Facebook ta yi ta gogewa,
Fiye da biliyan 2 ta rufe, ta kuma sanar da kowa,
In aka tsananta tankaɗe, har da na gaske ke zubewa.

Malam Na-Damagaram:
Ƙanena Bakano, ɗangonka na biyu ya karya kari, domin shekarar da ka cusa a ciki ta sa mai rerawa sai ya yanke numfashi kafin ya kai amsa-amo. Baitin Hajiya ya fi naka tsayuwa nesa ba kusa ba.

Bakano:
Malam, ina girmama ka, amma ɗangon Hajiya na biyu ya fi nawa tsawo kuma ba ka ce komai ba. Ba zan cire hujja don in gyara kari ba.

Bagobira:
Ƙanena, mai goge biliyan shi ya bar ƙofa ba mai tsaro,
Ya ƙirga gawa ya yi shela, gobe wasu su sake tsiro.
A 2022 attajiri Musk ya ce bogin Twitter sun wuce kashi 5, suka yi karo,
Ya nemi fasa ciniki, sannan ya biya dala biliyan 44 ya karɓi taro,
Ya sa shuɗin maki kasuwa kan dala 8, har ga maƙaryaci da ɓarawo.

Malam Na-Damagaram:
Madalla, 'yar Gobir! Amsa-amon ƙarshe ya ɗan goce, amma ma'ana ta rufe shi.

Bakano:
Wannan ai son kai ne, Malam. Lambobi huɗu ta zuba, ka ce madalla.

Ɗan Zazzau:
Na makara da amsa, ku bar faɗan kari mu koma kan batu,
A Mayun 2019 Facebook ta gano kamfanin Archimedes na Isra'ila da shafukan yaudarar masu karatu,
Najeriya da Nijar na cikin ƙasashen da ya yi wa kutse a siyasa,
Sai da zaɓenmu na Fabrairu ya wuce aka rufe masa asusunsa.
Bakano, wace tankaɗe ce wannan da ke zuwa bayan an ci tuwonsa?