Neman shawara: harsashina ya farfashe a gwaji, in fita da shi farautar barewa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a jihar Minisota ta Amurka, kuma bana nake son shiga farautar barewa ta masu bindigar ɗuri, wadda ake buɗewa a ƙarshen Nuwamba. Bindigar 'yar uwar adakarmu ce ta gida: ta baki ake zuba albarushi, a danna harsashi da sanda, sai dai ƙirar zamani ce, faɗin bakinta rabin inci. Harsashin giren 250 ne, wato giram 16 da ɗoriya, dalma a ciki, ɓawon jan ƙarfe a waje, yana zaune cikin 'yar rigar roba.

Na jera jarkokin madara masu cin galan guda cike da ruwa, na ja baya yadi 25, na ɗura albarushi giren 150. Jarkar farko ta tarwatse, ta biyu ta tsage, a ta uku na tsince shi. Ɓawon ya saɓule gefe guda, dalmar ta baje. Da na ɗora a sikeli, giren 140 kacal. Harsashin ne ba shi da kyau, ko gwajin nawa ne? Ba na son in raunata dabba ta tafi ta mutu a daji.

Baban Hanifa, Ohayo: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Kashi 56 cikin ɗari ke nan ya rage maka, kuma a ido abin ba daɗi. Amma ka haɗa wa harsashin nan zafi uku a lokaci guda: ɗuri mafi ƙarfi, tazara 'yar kaɗan, sannan ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, a wannan gudun ya fi tsoka tsanani, shi ya sa yake yage ɓawo fiye da yadda nama zai yi. Kuma da yawa daga cikin harsasan da ake sa wa rigar roba asalinsu na ƙaramar bindigar hannu ne, an ƙera su su buɗe a gudun da bai kai wannan ba. Ka rage albarushin zuwa giren 100, ka kai jarkokin yadi 100, ka sake. Nan ne za ka ga halinsa na gaskiya. Ka auna shi kafin ka harba, ban da rigar robar, domin ita faɗuwa take yi a hanya. In ka ciro shi ka wanke, ya bushe, sannan ka ɗora a sikeli.

Sarkin Baka, Ningi: Ɗana, mu ba mu taɓa ɗora harsashi a sikeli ba. Abin da muke dubawa, ya shiga ta nan, ya fita ta can? In ya fita, jini zai zuba, ka bi sawu. In ya farfashe a kafaɗa, ka wuni kana bin ciyawa. Mai adaka harbi ɗaya gare shi, kafin ka sake ɗuri nama ya kai wani gari. Ka yi bisimilla in za ka harba, in ka tarar da ita da rai ka yanka. Sannan ko da wasa kada ka kwance harsashin zamani ka zuba garinsa a bindigar ɗuri. Na ga wanda ya yi, yatsunsa uku ne suka rage.

Mai tambaya: Allah ya ja zamanin Sarki, na ji, na gode Baba.

Injiniya, Kanada: Maganar Sarkin Baka ita ce magana, nauyin da ya rage amfaninsa shi ne ya tura harsashin ya ratsa. Don haka abu uku nake rubutawa: zurfin da ya shiga, faɗin da ya buɗe, da nauyin da ya rage. Jarka ba ta ba ka zurfi sosai, sai dai ka ce "ta uku" ko "ta huɗu". Masu bincike da jelatin suke yi, wani gari da in an jiƙa shi yake daskarewa kamar tsoka, kashi 10 cikin ɗari a ruwa, a sanyin digiri 4, amma wahala ce da tsada. Na talaka shi ne tsofaffin jaridu: ka ɗaure su dam, su kwana a ruwa, ka jera a kwali, ka sa tsohuwar fata ko ƙashin kafaɗar saniya a gaba. Sai ka riƙa buɗewa shafi-shafi, za ka ga inda ya fara bajewa da inda gutsattsarin suka tsaya. Harbi ɗaya ba hujja ba ne, ka yi uku zuwa biyar. Ni dai na koma na zallar jan ƙarfe irin na kamfanin Barnes, yana buɗewa kamar fure, kusan duk nauyinsa yake dawowa.

Maman Sadik: Ni ba maharbiya ba ce, amma giren 110 da suka ɓace ina suka tafi? A barewa cikin nama za su zauna, kuma yara za su ci. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minisota ta harbi gawar tumaki ta ɗauki hoton eksire, ta ga ƙananan gutsattsarin dalma sun yi nisa da ramin harsashi, ko da yake na bindigar ɗuri bai kai na manyan bindigogin zamani watsuwa ba. Kalifoniya ma tun 2019 ta hana farauta da dalma. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata a tuna mana ba.

Baban Hanifa: Gaskiyarki Hajiya. Amma Injiniya, kada mu sa shi ya ɗauka jan ƙarfe ba shi da aibi. Ya fi dalma tauri, yana son gudu kafin ya buɗe. In tazara ta yi nisa gudun ya mutu, sai ya huda ya wuce siriri, nauyi ɗari bisa ɗari amma ba aikin kirki. Shi ma sai an gwada shi a iyakar nisan da za ka yarda ka yi harbi.

Mai tambaya: To zan sayo na jan ƙarfe in gwada su tare a yadi 100. Jaridun ne ba ni da su da yawa, in ci gaba da jarkoki?

Injiniya: Ci gaba, tunda kwatanta biyu za ka yi a abu iri ɗaya. Ka jera shida ko fiye, da tudun ƙasa a bayansu, ka fara neman izinin masu filin harbin. Kuma ka yi shi yanzu kafin sanyinku ya sauko, kada ka harbi jarkar da ruwanta ya daskare.