Me ya sa layin likitan ƙwaƙwalwar yara ba ya raguwa?

Maman Ilham:
Salam jama'a, dan Allah masu aiki a asibiti ku fahimtar da ni. Yarona ɗan shekara 3 ya yi jijjiga ba zazzaɓi ba komai, likitan yara ya ce sai mun ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yara, muka je aka ba mu rana sai nan da watanni, ga wajen cike maƙil da iyaye kowa da ɗansa a kafaɗa. Wai ciwon ne ya yi yawa yanzu ko likitocin ne babu? Kuma kafin ranar ta zo me zan yi?

Nas Hajara:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ba shi lafiya. Duka biyun ne gaskiya. Kafin mutum ya zama irin wannan likitan sai ya gama karatun likita, ya ƙware a ɓangaren yara, sannan ya sake wasu shekaru a kan ƙwaƙwalwa, shi ya sa za ki ga babban asibiti guda da mutum ɗaya ko biyu, wani ma babu. Su kuma yaran ba masu farfaɗiya kaɗai ba ne, akwai wanda ya sha wuya a doguwar naƙuda iska ba ta kai ƙwaƙwalwarsa ba, akwai wanda shawara ta yi wa yawa yana jariri, akwai wanda ya tashi daga sanƙarau ko maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ga bakwaini da yanzu suke rayuwa fiye da da, ga wanda ya wuce wata 18 bai fara tafiya ba, duk ƙofa ɗaya suke bi. Kuma yawancinsu ba zuwa ɗaya ake sallamarsu ba, shekaru suke yi ana bibiya.

Abu Sadiq:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. A 2022 ma sai da ƙasashe suka amince da wani shiri a kai zuwa 2031. Ni dai a ganina jiran ƙwararre ga kowane yaro ba zai ɓulle ba, a horar da likitocin yara da nas-nas su riƙe masu sauƙin, a bar wa ƙwararren masu wuya.

Nas Hajara:
Haka ne malam, amma fa ko an horar ɗin sai an samu na'urar EEG, wadda ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa, da mai karanta sakamakon, MRI kuma, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa, ƙaramin yaro yawanci sai an sa shi barci tukun.

Ke kuma 'yar uwa in abin ya sake tashi kwantar da shi ta gefe, kar ki sa masa cokali ko yatsa a baki, kar ki ɗura masa ruwa. Duba agogo, in ya kai minti 5 bai tsaya ba ku wuce emajensi kar ki jira wata rana. Wani ya ɗauki bidiyo da waya, yana taimakon likita sosai. In an riga an ɗora shi kan magani kar ki tsayar da maganin da kanki.

Maman Ilham:
Na gode Anti, ba a ba shi magani ba tukun. To likitan yaran zai iya fara ba shi ko dole sai an yi EEG ɗin?