"Sannu ba ta hana zuwa": ƙarfafa gwiwa ce ko lallashin malalaci?

Maman Ihsan, Birnin Kebbi: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Hausa ku raba mu gardama ni da ƙanwar maigidana. Tun bayan ƙaramar sallah na shiga rage ƙiba bisa shawarar likita saboda jinina ya fara hawa ga gwiwa tana damuna, na rage tuwon dare, na bar lemun kwalba, ina ɗan zagaya unguwa bayan asuba, farko abin ya yi ta sauka amma yanzu sikeli ya ƙi motsi sam. Da muke hira na ce mata to ai sannu ba ta hana zuwa, sai ta kwashe da dariya ta ce in ƙarasa mana, "sai dai a daɗe ba a je ba", wai Bahaushe gatse ya yi ba yabon sannu ya yi ba. Wallahi maganar ta sare min gwiwa. Shin ita ke da gaskiya?

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta yi gaskiya rabi. Mu yadda munka ji ta ga manya, ba a hwaɗin ta sai ga wanda ya riga ya kama hanya. Mutum na noman shinkahwa da hannu, maƙwabcinai na da injin, sai a ce mai sannu ba ta hana zuwa, ma'ana za ka kai amma ka shirya ma daɗewa. Wutsiyar maganar ba zagi ta ba, gaya maka kuɗin abin anka yi tun kahin ka saya. Wanda ad zaune gida kau ba a ce mai yana sannu, shi bai tashi ba ma.

Anti Luba, Gusau: Ni kam ina bayan ƙanwar miji, ku yi haƙuri. Karin maganar nan ta zama mafakar mata da yawa. Mace za ta ce maki tana rage ƙiba a hankali, ki je gidanta ki tarar da masa da miyar taushe da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, da la'asar a dama fura a zuba suga cokali huɗu, in kin yi magana ta ce sannu ba ta hana zuwa. Zuwa ina? Shekara ta zagayo tana nan inda take ko ma ta ƙara. Ba da ke nake ba Maman Ihsan, ke kin faɗi abin da kika canza.

Ɗan Argungu: To Anti ai kin dawo ga maganata. Waccan ba ta bisa hanya, aron karin magana ɗai ta yi ta rufe kunya. Laihin mai aro na ba na karin magana ba.

Malam Na Jega: Bari in sa baki kaɗan. Bahaushe yana da maganganu biyu da suke tafiya tare da wannan, sannu sannu kwana nesa, da kuma sauri ya haifi nawa. In ka haɗa su uku za ka ga inda ya dosa, ba ya yabon jinkiri don jinkiri, yana tsoron saurin da ke sa a koma baya ne. Kuma addini ma nan ya tsaya, hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ci kuwa ga hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito, ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Duba fa, ba a ce a bar ci ba, raba ciki uku aka yi, kuma abu ne na kullum ba na wata guda ba.

Anti Luba, Gusau: Allah ya gafarta Malam, ba na ja da hadisi. Amma in kullum ana ce ma mutum ya bi a hankali yaushe zai ji zafin da zai tashe shi? Wasu sai an tsorata su.

Nas Hadiza: Anti Luba tsoro yana tayar da mutum amma ba ya riƙe shi, wannan muna gani a wurin aiki kullum. A gaya ma mutum sugansa ya hau, sati biyu ba ya cin komai sai kokwamba da ruwan zafi, sati na uku ki same shi gaban mai tsire yana ramuwar gayya. Bari in faɗi abin da sannu take nufi da lissafi don kada kowa ya fassara ta yadda ya ga dama. Abin da masana lafiya ke ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a sati. Kilo guda na kitse yana ɗauke da wajen kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), to wadda ta ce maki ta zubar da kilo 5 a sati ɗaya yawancinsa ruwa ne ya fita da ɗan tsoka, shi ya sa yake dawowa da ta koma cin abinci. Tsayawar sikeli da Maman Ihsan ke kuka da ita kuma ba baƙon abu ba ne, jiki in ya ragu abin da yake ƙonawa ma yana raguwa, ga shi gishiri da al'ada da rashin bayan gida duk suna iya ƙara kilo 1 ko fiye na ruwa a rana guda. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin ki ci komai. Kuma ki sani wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, misali mai kilo 90 ya sauke 4 da rabi zuwa 9, hawan jini da suga suna nuna sauƙi tun bai kai inda yake mafarki ba.

Maman Ihsan, Birnin Kebbi: Allah ya saka da alheri Nas, kin ɗan kwantar min da hankali. Dama kullum da safe nake hawa, wata rana har da dare.

Bagudu Tela: Hajiya ki bar sikelin nan ya huta, ki nemi tef irin namu. Ni mata nawa ke kawo min ɗinki suna cewa ba su rage ba, in auna in ga ƙugu ya sauka inci biyu daga awon da ke littafina. Zani ba ya ƙarya, siket ma haka. Amma ni tawa karin maganar da nake ganin ta fi dacewa da ƙiba ita ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Malam Na Jega: A'a Bagudu, nan kam ban yarda ba. Wannan ana yin ta ne kan kuskure guda da ke jawo dogon wahala, kamar mutum ya sa hannu a takardar bashi ko ya furta saki cikin fushi. Ƙiba ba tsalle ɗaya ba ce, loma loma ta taru shekara da shekaru, da yayyafi kogi kan cika. Kuma ƙarshenta yana cewa ba a fita, wanda ke neman ƙarfin gwiwa in ka ba shi wannan ai ka gama da shi.

Bagudu Tela: Malam ni shiga da sauƙi fita da wuya nake nufi, amma na ji, na janye rijiyata.

Nas Hadiza: Tef ɗin Bagudu dai kada a janye shi. Kitsen tumbi shi ya fi haɗari, mace in ƙugunta ya wuce inci 35, namiji inci 40, to a kula.

Inna Ta Yauri: Ku yara kuna ta lissafi kun bar babban abin da ke karya mace. Ba yunwa ba ce, bakin mutane ne. Yarinya ta fara faɗawa kaɗan sai dangin miji su fara, lafiya kuwa, ko ba ya ba ki abinci, ko kishiya za a yi maki, wata ma ta ja ki gefe ta ce ki je a auna jininki. Mu nan an ɗauki ƙiba shaidar hutu, amarya in ba ta cika ba a ce gidan ba daɗi, har 'yan mata na shan ƙwayoyin nan da ake ce ma sha ka fashe don su yi jiki. To ke mai ragewa kina tafiya ne jama'a na ja maki zani ta baya. Ɗiyata ki samu mutum ɗaya cikin gida da ya san dalilinki, in mijin ne ya fi, sauran ki ce masu likita ya ce, ki ja bakinki. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sadiya 'Yar Kaura: Inna wannan ta ƙarshe ta yi min daɗi, zan rubuta ta in manna a kicin, ciki ba don tuwo aka yi shi ba, a rage ci kenan.

Inna Ta Yauri: Ke ɗiyar nan, ba rage ci take nufi ba, riƙe sirri take nufi, ba duk abin da ke cikinki za ki fitar ba. Amma manna abinki, tuwon ma a rage.

Abu Zamfara: Ni abin ga na ban mamaki wallahi, mutane na gudun hijira ƙauyukkanmu ba su samu na bakin salati ba, ku kuna nan kuna shawarar yadda za a ƙi cin abinci.

Nas Hadiza: Yaya Abu maganarka gaskiya ce kuma Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ka leƙa layin masu hawan jini da ciwon suga a kowane babban asibiti, ba masu kuɗi kaɗai za ka gani ba. Talaka ma abin da ya fi sauƙin samu shi ne shinkafa, taliya, mai da suga, su ke cika ciki da araha. Duka biyun suna cikin gari ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya.

Ɗan Argungu: Hakanan na. Kuma mu Kabawa a ce muna mu bar shinkahwa ai an san ba ta yiwuwa, ita muka nomawa ita muka ci, wanda duk yac ce ya bar ta har abada kwana kaɗan za ka gane shi bakin tukunya. Ni abin da nig gani ya yi ma matata aiki, malmala ukku ta koma biyu, daga baya ɗaya da rabi, miya ta ƙaru, kihi ya koma gasasshe ko na miya maimakon soye, ga kwaɗon zogale ko rama kahin a kai ga tuwon. Ba wanda ya lura cikin gida balle a yi mata surutu.

Nas Hadiza: Wannan ita ce sannun da ake magana. A ƙara da lura da abin sha, don nan mutane ke faɗuwa ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a rana, kusan ƙaramin cokali 12, in an iya a tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemu ɗaya tana iya cinye maki kusan 9, ba a zo kan shayi da kunu da zoɓo ba. Mai kuma babban cokali ɗaya wajen kalori 120 ne, ki tuna yadda ake kwarara shi a kan shinkafa da wake. Motsa jiki minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, kuma da zafin Kebbi na watan Maris da Afrilu ba sai an ce a yi shi da asuba ko bayan la'asar sakaliya ba. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida, shara da daka da ɗiban ruwa duk suna cikin lissafi in an yi su da ƙarfi. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya kuwa, da yawansu gudawa kawai suke sawa, ruwa ke fita ba kitse ba.

Anti Luba, Gusau: To na sauko kaɗan amma da sharaɗi. Duk wadda za ta ce min sannu ba ta hana zuwa sai ta nuna min abu ɗaya da ta canza wannan watan wanda ba ta yi a wancan ba. In babu, ni wutsiyar kawai zan karanta mata.

Sadiya 'Yar Kaura: Ni matsalata biki ne wallahi. Sati uku ina lafiya lau, a yi biki ɗaya in ci fankasau da cincin da naman kaza, washegari in ce ai na riga na ɓata sai in ci gaba da ci har wata ya ƙare. Akwai karin maganar wannan?

Malam Na Jega: Akwai, faɗuwar gaba asarar namiji, mace ma haka. Cin yini guda bai rushe na sati uku ba, fidda rai da ya biyo baya shi ke rushewa. In kina da iko ki riƙi azumin Litinin da Alhamis da niyyar ibada, yana koya ma mutum mallakar bakinsa, sai dai kada a zo buɗa baki a rama na yini biyu.

Nas Hadiza: Malam a ƙara da cewa mai shan maganin suga ko allurar insulin, da mai ciki da mai shayarwa, su tambayi likita kafin su fara azumin nafila, suga na iya faɗuwa ƙasa. Sadiya ke kuma kada ki je biki da yunwa, ki ci wake ko ƙwai a gida tukuna, a can ki zaɓi abu ɗaya da kika fi so ki ci ki tashi daga wurin kwanon.

Sadiya 'Yar Kaura: Fankasau zan zaɓa. Fura fa Nas, ita ma a bar ta? Don Babanmu ba ya kwana bai sha ba kuma ni ke damawa.

Nas Hadiza: Ki sha, gero da nono ne, amma ba suga kuma a ƙaramin kofi, sannan ki ɗauke ta a matsayin abincin daren ba abin kora tuwo ba. Ta Baba ki dama masa tasa daban.